Zuliha da Iskar Cikin Murhun Banda

A bakin ruwan Wara aka haifi Zuliha, a unguwar da ke bayan inda jirage suke sauke kifi. Mahaifinta, Malam Sule, masunci ne. Mahaifiyarta kuwa, Inna Kande, banda take yi tun tana budurwa. Gidansu ba ya rabuwa da hayaƙi. Tufafinsu na warinsa, katifarsu na warinsa, hatta littattafan makarantar Zuliha, in ta buɗe su a aji sai ta kusa da ita ta waiwayo.

Ita ce ta uku a ɗakinsu, kuma ita ce mai fargaba. In babanta ya shiga ruwa hadari ya taso, ba ta iya kai loma baki sai ta hango kan jirginsa. 'Yan uwanta su ci, su sha, su fita wasa, ita tana tsaye a kan tudu ta ƙura wa tafki ido. Inna Kande takan girgiza kai ta ce, "Wagga ɗiya, ko ba ta da abin damuwa sai ta tahi ta aro."

Murhun bandar Inna Kande rabin ganga ne, an ɗora masa ragar waya a kai. A hura itace a ƙasa, a jera tarwaɗa a sama, a rufe da tsohon kwano. Wutar ba ta raba zafinta daidai: kifin tsakiya yana neman ƙonewa, na gefe ko ɗumi bai gama yi ba. Don haka dole mai banda ta tsaya a kai, ta ɗaga kwano, ta juya wannan, ta matsar da wancan, hayaƙin kuma duk a fuskarta yake ƙarewa. Haka Inna Kande ta yi shekara da shekaru. Da Malam Sule ya rasu, Zuliha na sakandare, wannan gangar ce ta riƙe gidan, ita ce kuma ta kai Zuliha jami'a, inda ta karanta injiniyancin injuna saboda lissafi yana yi mata sauƙi.

Bayan ta gama bautar ƙasa ta dawo gida, sai ta tarar da tarin. Da ma Inna tana tari, kamar kowace mai banda, amma wannan daban ne. Yana fitowa daga can ƙasan ƙirji, yana sa ta dafa bango. Daga bakin ruwa zuwa gida sai ta tsaya hutawa a hanya. Zuliha ta yi ta lallashi har ta samu ta kai ta asibiti a Yelwa. Likita ya duba hoton ƙirjin, ya ce ba tarin fuka ba ne, huhun ne ya gaji da hayaƙi. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya tsayar da ɓarnar in ta rabu da murhu.

A cikin mota suna komawa Zuliha ta ce, "Inna, kin dai ji abin da ya ce."

"Na ji."

"To?"

"To mi? In bar banda in yi mi? In zamna ina kallon bango har ranar da za a ɗauke ni?"

Washegari da hantsi ta hura wutarta.

Wannan ne ya mayar da Zuliha jami'a neman digiri na biyu. Aka haɗa ta da wani malami, Dakta Almustapha, dattijo mai magana a hankali, wanda aikinsa shi ne nazarin yadda zafi yake tafiya a cikin iska da ruwa masu gudana. Ya riga ya tanadar mata aiki a kan bututun masana'anta. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Malam, in da hali, murhun banda nake so in yi."

Ta zana masa abin da ke ranta: ɗakin wuta a gefe, rufaffen akwati inda za a jera kifi hawa-hawa, da dogon bututu da zai kai hayaƙi sama da kan mutane. Mai banda ba za ta buɗe ba sai kifi ya yi. Dakta ya ce ai irin wannan murhu ba sabon abu ba ne, an sha ƙera shi, amma da yawa an watsar, domin in an rufe ƙofa ba a san abin da iska take yi a ciki ba. A buɗe a ga wani ya ƙone, wani ya fara wari.

Ya ɗauko turaren tsinke daga aljihun teburinsa ya kunna, ya kashe fanka.

"Dubi nan ƙasa," in ji shi. "Hayaƙin yana tafiya a miƙe kamar zare. Wannan, ki ba ni takarda da biro, in lissafa miki shi kafin mu tashi. Yanzu dubi sama."

Can sama zaren ya fara lanƙwasa, ya karye, ya rikiɗe ya zama ƙananan guguwa suna shiga juna suna watsewa.

"Wannan hargitsin babu wanda ya iya bin sa daki-daki. Kuma duk iskar da za ta ratsa murhunki irin ta saman nan ce."

"To, Malam, ba sai mu hana ta hargitsewa ba?"

"In kin hana ta, kifinki ba zai bushe ba." Ya bayyana mata cewa iskar da ke tafiya a natse takan bar wata siririyar laima manne a fatar kifi, kamar riga. Hargitsin ne yake yaye rigar nan, ya kai zafi jikin kifin, ya kwashe ruwan da ke fitowa ya yi gaba da shi. In ya yi kaɗan kifi ya ruɓe, in ya yi yawa fata ta ƙone ciki yana ɗanye. Aikinta shi ne ta gano, kafin a yanka ƙarfe ko guda, ina iskar za ta bi, ina za ta yi gudu, ina za ta maƙale.

A kwamfuta ake yin wannan. Zuliha ta zana murhun, ta yayyanka cikinsa zuwa ƙananan gurabe dubu bisa dubu. A kowane gurbi kwamfutar za ta lissafa iskar da ta shigo da wadda ta fita, zafin da ta kawo, da laimar da ta ɗauka, sannan ta miƙa amsar ga gurbin da ke kusa, ta sake zagayowa, ta yi ta maimaitawa har lissafin ya kwanta. Su kuwa ƙananan guguwar nan, sun fi ƙarfin kowace kwamfuta da ke jami'ar. Sai dai a ɗauki matsakaicin halinsu, a cike gurbin sauran da ƙiyasin da masana suka gwada suka ga yana kusantar gaskiya.

Kalmar ƙiyasi ta tsaya wa Zuliha a rai. Ta shigo lissafi ne saboda a nan kaɗai take samun amsar da ba ta motsi. Yanzu ga shi an ce mata numfashin mahaifiyarta zai rataya a kan kusan daidai.

Kwamfutarta tsohuwa ce. In ta ɗora mata aikin, sai ta yi zafi kamar dutsen guga, Zuliha ta ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashi. Akwai wani layi a fuskar kwamfutar da ya kamata ya yi ta gangarowa, alamar lissafi yana kwantawa. Nata kuwa ya sauko, ya sauko, sai ya zabura ya yi sama. Wata rana aikin ya kusa ƙarewa aka ɗauke wuta. Wata rana ta gano kuskuren daga wurinta ne, ta yanka guraben kusa da bango manya-manya, alhali a nan ne abin ya fi bukatar ƙanana. Kullum da la'asar takan kira gida, kuma sau da yawa tarin take fara ji kafin sallama.

"Inna, kin sha maganin?"

"Na sha."

"Ina jin ƙarar wuta."

"Ta Hannah ce, ba tawa ba."

Hannah maƙwabciyarsu ce, ita ma mai banda, gangarta na jikin ta Inna. Zuliha ta san ba ta Hannah ba ce kaɗai, amma ba ta iya ƙaryata uwarta. Sai ta ajiye wayar ta koma kan layin nan mai hawa da sauka.

Aka kwashe watanni kafin lissafin ya kwanta. Hoton cikin murhun ya fito da launuka, ja inda zafi ya yi yawa, shuɗi inda ya yi sanyi. Nan take ta ga abin da ido ba zai taɓa gani ba: a kusurwar sama ta baya iska tana naɗewa tana zagaya kanta, ba ta fita. Duk kifin da aka sa a nan cikin tururinsa zai kwana. Ta saka wani farantin ƙarfe a karkace don ya karya hanyar iskar, ta sake lissafi, ta gyara karkatarsa, ta sake. A ƙarshe launin ya bazu kusan bai ɗaya daga hawan ƙasa zuwa na sama. Dakta Almustapha ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya yi kyau a nan. Je ki gina, ki auna, mu ga ko duniya ta yarda."

Wanda ya gina shi Baba Enoch ne, wani Bakambare mai walda a Wara, abokin marigayi babanta, wanda ya saba gyaran farfelar jirage. Ya juya zanen sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, wanga faranti na ciki, kin tabbata haka kike son shi? A karkace?"

"Haka nake so, Baba."

"To, haka za ki same shi."

Ya yi aikin da tsabta. Aka kafa murhun a filin banda, aka kewaye ɗakin wutar da bulon ƙasa, bakinsa yana kallon tafki domin ta nan ake sauke itace.

Ranar gwaji matan unguwa suka taru tun da safe. Inna Kande ta ba da tarwaɗarta, duk abin da ta saya a ranar, an naɗe kowace an soke ta da tsinke kamar yadda aka saba. Zuliha ta jera su, ta zura ma'aunin zafi ta 'yan ramukan da Baba Enoch ya huda, ta rufe ƙofa. Aka hura wuta. Hayaƙi ya bi bututu ya yi sama, filin ya zauna wasai. Matan suka riƙa ɗaga kai suna kallo. Ma'aunin ya hau ya tsaya dab da inda kwamfuta ta ce zai tsaya. Zuliha ta duba, ta sake dubawa.

Bayan azahar sai ta ji mayafinta yana kaɗawa. Iskar tafki ce ta taso, wadda take tasowa kusan kullum in rana ta take, wadda Zuliha ta sani tun tana rarrafe. Ta doki bakin murhun kai tsaye. Wutar ta yi wani irin gurnani. Ma'aunin hawan ƙasa ya fara hawa, bai tsaya ba. Zuliha ta durƙusa ta janye itace, zafin ya faɗi. Iskar ta lafa, ya ƙara faɗuwa. Ta mayar da itacen, iskar ta dawo da ƙarfi. Can wata iskar ta bugi kan bututun ta danno hayaƙin ƙasa, ya fito ta gefen ƙofa ya turnuƙe matan da ke kusa. Ta ji tarin Inna a bayanta, ba ta iya waiwayawa ba.

Da aka buɗe, hawan ƙasa ya zama gawayi. Na sama kuwa fatarsa ta yi laushi, in an danna ruwa na fitowa. Wata daga baya ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Inna Kande ta jawo kujerarta ta zauna, ta fara tsince waɗanda za su cetu, tana kankare baƙin da wuƙa.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Zuliha.

"Wanga a daka shi a sa miya. Miƙo mini tiren can, na sama, in ƙarasa shi bisa ganga tun bai lalace ba."

Zuliha da hannunta ta kai tiren kan tsohuwar gangar, ta tsaya tana kallon uwarta ta sunkuya cikin hayaƙi.

Da ta kira Dakta Almustapha, bai yi mamaki ba, bai kuma tausasa mata ba. Ya tambaye ta, "Me kika gaya wa kwamfutar game da waje?"

"Na ce iska tana shiga ɗakin wuta da gudu ɗaya, ba ta canzawa."

"Kifin fa?"

"Na zana su a miƙe, girmansu ɗaya, da tazara tsakaninsu."

"Haka kuka jera su?"

"A'a, Malam. A naɗe suke, kuma a cushe."

"To amsar abin da kika tambaye ta ta ba ki. Lissafinki bai yi ƙarya ba, murhun da kika lissafa ne ba a bakin tafki yake ba."

Ya ba ta aron wani ɗan ma'aunin iska mai farfela. Makonni tana zuwa filin banda da shi, ta ɗaga shi sama, ta sauke shi ƙasa, ta juya gabas, ta juya yamma. Masu sauke kifi suna yi mata sannu da aiki, suna kallon juna. Murhun yana nan tsaye, awaki na kwanciya a inuwarsa. Duk wucewar da za ta yi sai ta ji kamar ana nuna ta da baki, ko da ba wanda ya ɗaga kai.

Tana cikin wannan ne, farkon damina, Inna ta faɗi. Da hantsi ne, tana juya kifi, numfashi ya ƙi shiga. Hannah ce ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Aka samo mota. Tafiyar Wara zuwa Yelwa ba ta taɓa yi wa Zuliha tsawo irin na ranar ba. Kan Inna na bisa cinyarta, leɓunanta sun canza launi, kowane rami motar ta faɗa sai Zuliha ta sa tafin hannu a ƙirjinta ta ji ko yana motsi. A asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Likita ya ce za ta tashi, in Allah ya so, amma in ta sake komawa kan ganga, kada a yi tsammanin za a riƙa dawowa da ita gida kowane karo.

Zuliha ta yi jinya da kwamfutarta a gefe. In Inna ta samu barci da rana, sai ta fita baranda inda akwai wurin sa caji, ta ɗora aiki. Yanzu ba murhu ɗaya take lissafawa ba. Tana lissafa shi cikin iska mai sauƙi, da mai ƙarfi, da mai zuwa tana ɗaukewa. Ta sake zana kifin a naɗe, wanda ya sa guraben suka ƙaru, aikin ya ƙara nauyi. Kowane gwaji yana cin yini ko fiye. Takan bar shi yana tafiya ta shiga ɗaki ta tsaya a kan Inna tana kallon zanen da ke ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka, sannan ta fito ta tsaya a kan layin kwamfuta. Ta rame har ma'aikatan jinya suka fara tambaya ko ita ma a duba ta.

Wata rana da yamma Inna ta buɗe ido ta same ta a tsaye.

"Zamna, kina sa ni juwa."

Ta zauna a bakin gadon.

"Kina ganin taurin kai ne gare ni," in ji Inna, tana magana tana hutawa. "Ba hayaƙin nike so ba, Zuliha. Aikin nike so. In na ga kihi ya hito yadda ya kamata, sai in san ina da amfani. In akwatin ga naki zai bar mini wanga, ki gyara shi."

"Ban sani ba ko zai gyaru, Inna."

"To ki sani."

Abin da lissafin ya nuna a ƙarshe ba mai daɗi ba ne duka. In aka juya bakin wutar ya ba tafki baya, aka yi masa ɗan bango, aka ɗora wa bututun hula, aka rage cushe kifi, murhun zai jure yawancin iskar da ta auna. Amma akwai iska mai ƙarfi wadda duk dabarar da ta gwada ba ta hana zafin ƙasa haurawa ba. Wannan sai da hannun mutum: wata 'yar ƙofa mai zamewa a bakin wuta, a tura ta in iska ta taso, a janye in ta lafa. Zuliha ta so ta ba uwarta murhun da ba ya bukatar kowa. Abin da ta samu shi ne wanda yake bukatar mai tsaro, sai dai mai tsaron tana nesa da hayaƙi.

Baba Enoch ya rushe bulon ya sake ginawa ba tare da ya ce uffan a kan na farko ba. An sallamo Inna a lokacin, tana tafiya da sanda. Matsalar ita ce kifin da za a sake gwaji da shi. Zuliha ta bi matan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ba ta uzuri mai kyau. Ba ta ga laifinsu ba. Sai Hannah ce ta aiko a kira ta. Ta same ta tana goge idanunta da gefen zane, idanun da hayaƙi ya mayar jajaye tun Zuliha na yarinya.

"Gobe ki ɗauki nawa," in ji Hannah.

"Inna Hannah, ina so ki sani, ban da tabbas. In iska ta yi yawa zai iya..."

"Na ji. In ya ƙone mu ci baƙi tare. Ni da Kande tare munka tsufa bisa gangar ga. Na ga yadda anka ɗauke ta ran nan. Ba ni son a ɗauke ni haka."

Wannan karon ba a taru ba, sai 'yan kaɗan da ke leƙe daga wurin aikinsu. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma can ƙarƙashin bishiya, ta inda iska ke fitowa. Zuliha ko karyawa ba ta yi ba. Safiya ta tafi lafiya, amma ta san safiya ba ita ce jarrabawar ba. Ta tsuguna kusa da 'yar ƙofar, ido ɗaya a ma'auni, ɗaya a kan ruwa. Da ta ga fuskar tafkin ta fara yamutsewa daga nesa, sai ta kai hannu kan ƙofar. Iskar ta iso. Hayaƙin kan bututu ya kwanta gefe, amma bai dawo ƙasa ba. Ma'aunin ya motsa, ya hau kaɗan. Ta tura ƙofar rabi. Ya ƙara hawa. Ta ƙara turawa, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ya yi rawa a wurin, ya tsaya, sannan a hankali ya fara komowa. Haka suka yi ta yi ita da iskar har la'asar ta yi sanyi, gwiwoyinta sun sage ba ta sani ba.

Hannah ce ta buɗe. Tururi mai ƙamshi ya fito. Ta ɗauki ɗaya daga ƙasa ta karya, ta ɗauki ɗaya daga sama ta karya, ta kai wa Inna. Inna ta shinshina, ta danna da babban yatsa, ta ɗan gutsura.

"Ya yi," ta ce. "Amma na kusurwar can ki duba shi."

Gaskiya ne, 'yan kusurwar baya suna da sauran laima, sai da aka ƙara musu lokaci. Kuma kifin ya fito ja-ja mai haske, ba baƙi ƙirin irin na ganga ba. A kasuwar Yelwa wasu 'yan sari suka ƙi shi, suka ce bai sha hayaƙi ba, ba zai kai Kudu ba. Wasu kuma shi suka fi so. Sai da aka ɗauki lokaci, aka ga yana daɗewa bai yi tsutsa ba, sannan gardamar ta ragu, ba ta dai mutu ba.

Inna Kande ba ta warke ba. Har yanzu in ta yi magana mai tsawo sai ta huta, kuma damina tana ba ta wuya. Amma ba ta sake tsayawa a kan ganga ba. Tana zama a kujera kusa da 'yar ƙofar, sandarta a hannu, da ita take tura ta tana janyewa, tana faɗa wa masu jera kifi kada su cushe. Mata da dama a Wara sun sa Baba Enoch ya yi musu irinsa, wasu sun haɗu su uku ko huɗu a kan guda. Da yawa kuma suna nan a kan gangunansu, sun ce sun saba.

Zuliha ta kare aikinta a gaban malamai. Ɗaya daga cikinsu ya matsa mata a kan dalilin da ya sa zafin da ta auna kusa da bango bai dace da na lissafi ba. Ta ce ƙiyasin da ta yi amfani da shi yana da rauni a wurin, kuma ba ta gano yadda za ta gyara ba tukuna. Aka ba ta digirinta. Yanzu tana koyarwa a wata kwalejin fasaha, tana zuwa Wara duk ƙarshen mako, kuma ba ta shiga gida sai ta fara bi ta filin banda ta zura ma'auni a murhu ɗaya ko biyu.

A irin wannan zuwan ne, kwanan baya, ta tarar da wata baƙuwa tana jiran ta, wata mata mai suna Altine da ta taso tun daga Shanga. Ta ce labarin murhun ya kai musu, su ma suna so. Sai dai itace ya yi musu wuya, yanzu da ƙaiƙayin shinkafa suke banda.

Zuliha ta shiga lissafi a ranta. Ƙaiƙayi ba ya ci kamar itace. Yana cin wuta a hankali, zafinsa kaɗan, hayaƙinsa mai yawa, tokarsa tana toshe hanyar iska. Ɗakin wutar zai canza, bututun zai canza, wataƙila har farantin ciki. Kusan komai sai an sake daga farko, kuma kifin wasu ne za a sake sakawa a ciki.

"Ba zan ce miki zai yi ba," ta ce.

"Amma za ki duba?"

"Kin zo da ƙaiƙayin?"

Altine ta nuna wani buhu da ta jingine a gindin bishiya. Zuliha ta kwance bakinsa, ta ɗebo a tafin hannu, ta murza ta ji bushewarsa, ta shiga yi wa matar tambayoyi: ta ina iska take zuwa musu, wane irin kifi suka fi samu, a tudu suke banda ko a kwari. Da suka gama ta tsayar da ɗan kabu-kabu, aka ɗaure buhun a baya, ta ce ya kai mata shagon Baba Enoch, tana nan tafe.